Darasin Tarihi: Bikin Wasu, Makokin Wasu

'Yan'uwa mata, darasinmu na wannan fitowa daga Ostareliya yake. Kowace 26 ga Janairu hutu ne a can, don tuna ranar da Kyaftin Arthur Phillip ya kafa tutar Birtaniya a Sidni a 1788. To amma fa ya tarar da masu gida. 'Yan asalin ƙasar sun haura shekara 50,000 a wurin, kuma zuwan Turawa ya jawo musu ƙwacen filaye, cututtuka da kisa. Tun 1938 suka kira ta ranar makoki, har yau ana ja-in-ja kan a sauya ta.

Saboda haka uwargida, in yaro ya ce gobe hutu, ki tambaye shi: hutun me? Sannan ki zaunar da shi ki ba shi tarihin ranar, daɗinsa da ɗacinsa.