Yadda za ka tambayi na gaba da kai game da malamin Analiz

Duk shekara in an koma karatu a Jami'ar Tamanrasset, sabon ɗalibin lissafi da kwamfuta yakan fara da tambaya guda: "Wa ke ba da Analiz bana? Yana da kirki?" Analiz 1, wato kalkulas, yana cikin darussan da suka fi kayar da ɗalibai a zangon farko, don haka tambayar ta cancanta. Amma kirkin malami daban, iya koyarwarsa daban.

Fara sanin inda ikonka ya tsaya. A tsarin karatun jami'a na LMD da Aljeriya ta shiga a 2004, sashe ne ke raba ɗalibai rukuni-rukuni, sai dai ka ga sunanka a allon sanarwa. Lacca a babban zaure ake yi, aikin TD, wato warware tambayoyi, a ƙaramin aji, kuma sau da yawa malamai biyu ne. Halartar TD dole ce, yawan fashi ba uzuri na iya sa a cire ka daga darasin. In sauya rukuni kake so, kai takarda ofishin shugaban sashe tun makon farko, da hujja mai ƙarfi. In ba a yarda ba, da sauran zaɓi a hannunka: ajin wa za ka nemi izinin ƙara zama, littafin wa za ka bi, da yadda za ka shirya wa wanda aka ba ka.

Kada ka tsaya kan bakin mutum ɗaya. Nemi uku: wanda ya ci tun jarrabawar farko, wanda sai a ratirafaj, wato jarrabawar dama ta biyu, ya tsallake, da wanda ke maimaita darasin. Wanda ya faɗi zai ce malamin mugu ne. Wanda ya sami 7 cikin 20, makin wasu darussa suka ɗaga shi, zai ce ba komai. Inda maganar ukun ta haɗu, ita za ka riƙe.

Sannan ka yi tambayar da ke da amsa. Ka ce: "Yaya, in ya zo ma'anar limit, yana warware ta a allo layi-layi, ko karanta takarda yake yi?" Yana gama jerin tambayoyin TD kafin jarrabawa? Tambayoyin jarrabawarsa suna kama da na TD? Bayan fitar sakamako, yana zama a duba takardun amsa da shi?

Ka tambayi harshen da yake bayani da shi. Yaron da ya yi bakaloriya a Agadas ko Tawa da Faransanci ya yi lissafi, wanda ya tashi a Tamanrasset da Larabci ya yi, ga Ingilishi kuma na shigowa jami'o'in Aljeriya. Malamin da ɗaya ya ji daɗinsa yana iya barin ɗayan a baya.

Mafi amfani, ka ari littafin da ɗalibin bara ya rubuta darasin. Buɗe tsakiya. In ka ga kowace ƙa'ida da misalinta an warware har ƙarshe, kwanan wata na bin juna ba giɓi, malamin yana zuwa aji kuma yana aiki. In kan magana kawai ka gani da shafuka farare, ka san sai ka nemi ƙarin taimako. Haɗa da takardun jarrabawar shekarun baya da amsoshinsu. Daga nan ka zauna a sahun gaba mako biyu, gani ya kori ji.

Ina roƙonka, ƙanena, kada arahar maki ta ruɗe ka. A zango na biyu Analiz 2 na jiranka da antegiral, kuma wanda bai riƙe deribe da kyau ba, a nan zai biya bashin. Malamin da ɗalibansa na bara ke iya ɗaukar alli su warware maka tambaya yau, shi ne abin nema, ko da hannunsa na da tsauri wajen maki.