Kafin ka tura keke cikin tuddan Mahuta

Keke mai kaurin taya da giya da yawa, irin wanda aka ƙera don hawan dutse, yana shiga hannun samarinmu, yawanci na gwanjo. Duk wanda ya saye shi kuwa ba zai daɗe ba kwalta za ta gundure shi. Ƙasar da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi ta dace da shi: jan ƙasa, tudu da gangare, fadamu, da duwatsu da suke tasowa a tsakiyar gonakin dawa da masara da auduga. Matsalar baƙo ita ce ta ina zai bi. Amsata a taƙaice: waya za ta ba ka fasalin ƙasar, amma hanyar da za ta kai ka ta dawo da kai lafiya tana bakin mutanen gari.

Fara da tantance sunan wurin. Akwai Mahuta a ƙaramar hukumar Ƙafur, akwai wata a Dandume, ga kuma ta jihar Kebbi, hedikwatar Fakai. Idan ka rubuta sunan kawai a Google Maps, tana iya nuna maka wadda ba ita kake nufi ba. Haɗa da sunan ƙaramar hukuma.

Daga nan buɗe hoton tauraron ɗan adam, ka zuƙo shi sosai. Siririn farin layi da ya ratsa gonaki hanyar ƙafa ce ko ta babur. Mai faɗi da bishiyoyi ko shinge a gefensa sau da yawa burtali ne. Layin kore mai lanƙwasa ƙorama ce. Sai ka koma taswirar da ke nuna tsayin ƙasa: inda layukan suka matsu da juna, hawan yana da tsauri, inda suka ware kuma shimfiɗa ce. Ka tuna hoton nan rana ɗaya aka ɗauke shi, watakila da rani. Wurin da ka gani fari fes yana iya zama taɓo har gwiwa a watan Agusta. Kuma ka sauke taswirar cikin wayarka tun kana gari, ko ka sa manhaja irin OsmAnd da ke aiki ba intanet. Mutanen yankin ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Dandume. Ko ba wannan, sabis yana ɗaukewa a cikin kwari.

Ga mai farawa, hanyoyin burji da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni sun fi. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya ya buɗe irinsu don kai taki da fito da amfanin gona, kuma hanyar da ake fito da hatsi ba ta rabo da mutane. Abin da kake nema ke nan.

Yanzu sai babban aikin, wato tambaya. Baƙo ko da ido makaho ne. Je wurin mai faci a bakin kasuwa, don shi ya san hanyar da ke cin taya, tunda kullum ana kawo masa shaidarta. Je tashar 'yan acaɓa, don su suka bi hanyar jiya da yamma. Yi sallama, ku gaisa a tsanake, ka faɗi daga inda kake da gidan da ka sauka. Kada ka ce, “Akwai hanya zuwa ƙauye kaza?” Za a ce maka akwai, don kullum akwai. Ka ce, “Malam, ƙoramar nan ta kawo ruwa a makon nan? Amalanke tana wucewa? Yashi ne ko tsakuwa? Wane gari zan fara tararwa, daga shi sai wanne?” Rubuta sunayen garuruwan a jere a takarda, don da su za ka riƙa tambaya a hanya, ba da taswira ba. Idan ɗan acaɓa ya ce minti 20 ne, kai ka lissafa awa guda. Tambayi mutum biyu dabam-dabam. In maganarsu ta saɓa, ɗauki ta wanda ya fi tsoratarwa.

Batun tsaro ba abin ɓoyewa ba ne. A Disamban 2020, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, 'yan bindiga sun tare ɗaliban Islamiyya na Mahuta ta Dandume suna dawowa daga Maulidi da dare, kafin a ceto su. Yanayin yana sauyawa daga mako zuwa mako, kuma babu manhajar da za ta faɗa maka. Saboda haka ka gai da mai unguwa ko dagaci, ka sanar da shi inda za ka da lokacin dawowarka. Haka ma 'yan banga da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa a 2023. Akwai wani dalilin kuma: baƙon fuska da hular kwano da baƙin gilashi, yana tsayawa yana ɗaukar hoton hanyoyi, ana iya yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Cire gilashin idan za ka shiga gari, riƙe katin shaida, kada ka hau dutse ko ka ɗauki hoto ba izini. Abin da ya fi duka shi ne ka sami saurayi ɗan garin mai keke ya raka ka, ka ba shi na goro.

Fitar farko kada ta wuce kilomita 15 zuwa 20, kuma ka dawo ta inda ka bi. Duk mararraba, tsaya ka waiwaya ka ga yadda take ta fuskar mai dawowa, ka riƙe alama: kuka, masallaci, rijiyar burtsatse. Wannan ya fi muhimmanci a Satumba, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo ta rufe duwatsun da kake dogaro da su. Fita bayan gari ya waye, ka kasance a gida kafin la'asar. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, don haka fara da fuskantarta kana da ƙarfi, ta turo ka a dawowa.

Bayan girbi hanya tana bushewa, tafiya ta yi daɗi, amma lokacin ne tsidau da ƙashin yawo da kututturen kara suke jiran taya. Ɗauki tub guda, kayan faci, famfo, da ruwa lita biyu ko uku. Gangaren da ba ka sani ba, sauka a hankali, hannu a birki, don zaizayar damina tana yanke hanya ta bar rami a bayan kwana. Idan ka haɗu da shanu a burtali, sauka ka koma gefe ka gai da makiyayin. Gona kuwa, ko hanyar cikinta ta fi kusa, kada tayarka ta taka kunyar mutum.

Idan kuma ka shirya tsaf mai unguwa ya ce yau ba a bin can, kada ka yi musu, kada ka nemi dalili. Yi masa godiya, ka tambaye shi ina ne ake bi, ka bi can.