Ina ɗan kasuwa yake kafa rumfarsa?

A zamanin da, fatake Hausawa suna ratsa ƙasar Mosi, za su Gwanja sayen goro. Wasu suna yada zango a Wagadugu. Sannu a hankali zangon ya zama unguwa, ana kiran ta Zangwetin.

Me ya sa suka zauna nan? Unguwar tana tsakiyar gari, kusa da babbar kasuwa da babban masallaci. Mai saye ba ya wahalar zuwa. Baƙo yana samun masauki da mai jin harshensa.

A watan Mayu na 2003, gobara ta cinye babbar kasuwa, wato Rood Woko. 'Yan kasuwa suka watsu cikin ƙananan kasuwannin gari. Ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A 2003 ɗin kuma aka rushe Zangwetin, saboda shirin ZACA na sake gina tsakiyar gari. Aka ba mutane filaye a wajen Ouaga 2000, nesa da kasuwa. Fili ya samu, amma masu saye sun yi nisa.

Mu riƙe: kafin ɗan kasuwa ya zaɓi wuri, yakan duba masu saye, da hanya, da kuɗin haya, da tsaron kayansa.

Tambayoyi
1. Me fatake suke saye a Gwanja?
2. Me ya faru da Rood Woko a 2003?
3. Ina masu rumfa suka fi yawa a unguwarku? Don me?