AURE A MAJAMI'A: ABIN DA YA WAJABA DA ABIN DA MUKA ƘARA

A ƙasar Yauri, daga Shanga har Wara da tungayen bakin tafkin Kainji, akwai ma'aurata da yawa waɗanda suka biya sadaki bisa al'ada, suka hayayyafa, amma har yau ba su kawo aurensu gaban bagadi ba. In an tambaye su dalili, sai su ce ba kuɗin biki. Shekara biyar, shekara goma, suna zuwa Misa kowace Lahadi, lokacin karɓar Jibi Mai Tsarki kuwa sai su zauna a kan benci. Wannan babbar hasara ce, kuma ba Ekklesiya ce ta ɗora musu wannan kaya ba.

Bari mu duba Littafin Dokokin Ekklesiya na 1983. Doka ta 1057 ta nuna cewa yardar ango da amarya ita ce take ƙulla aure. Doka ta 1108 ta bukaci a furta wannan yarda a gaban Fada, ko dikon da aka ba izini, tare da shaidu biyu. Doka ta 848 kuma ta hana a tauye wa matalauci sakramenti saboda talaucinsa. Farar riga, da anko, da makaɗa, da san yanka, duk mu muka ƙara su. Ba haramun ba ne, amma ba su ne auren ba. Paparoma Fransis ya ja kunne a kan wannan cikin wasiƙarsa Amoris Laetitia ta 2016, ganin yadda hidimar biki take cinye dukiya da ƙarfin matasa tun kafin ranar ta zo.

Wanda hannunsa bai cika ba, sai ya fara da zuwa wurin Katikis ko Fada, domin koyarwa da shelar aure suna ɗaukar lokaci. Daga nan a sa rana bayan kaka, sa'ad da shinkafa take rumbu. Babban haɗarin shi ne cin bashi a kan amfanin da bai zo gida ba. Saurayi ya karɓi kuɗi hannun ɗan kasuwa a kan albasar da take gona, ya yi biki na kwana biyu, sa'an nan ya shekara yana yi wa wani noma. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020, yadda ta shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, sun san gona ba ta yi wa kowa alkawari. Bashin kuwa yana nan, amarya ce za ta fara jin zafinsa a tukunya.

Kuɗin mota da na jirgin ruwa sun hau tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na 2023, don haka a taƙaita gayyar nesa. Amma kada tsimi ya sa a cusa 'yan biki cikin jirgi ɗaya. Mutanen Ngaski ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka salwanta. Gara a rage baƙi da a rage sawu.

Hanya mafi sauƙi ita ce auren haɗin gwiwa. Ma'aurata biyar ko goma su nemi Fada ya ɗaura musu a Misa ɗaya, kowane gida ya kawo mudun shinkafarsa da kifinsa, Zumuntar Mata su dafa, mawaƙan majami'a su yi kiɗa. Riga ɗaya tana iya yi wa amare da dama hidima in an adana ta. A Kana ta Galili, cikin sura ta 2 ta Bisharar Yohanna, abin sha ya ƙare ana tsakiyar biki, Uwargida Maryamu ce ta lura, aka rufa wa ango asiri ba tare da baƙi sun sani ba. Wannan aikin ya rataya a kanmu yanzu. Dattawan kowace majami'a su ƙidaya gidajen da suke jiran wannan albarka, su kai wa Katikis sunayensu kafin a fara girbi.