Idan An Zo Bincike a Kan Ɗanku: Haƙƙin Iyaye da Abin da Ya Kamata Ku Yi

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya da kuke yawan kawowa teburin kare yara: idan ma'aikaci ya zo yana tambaya a kan yadda muke riƙon yaronmu, ƙwace shi za a yi? Amsar a taƙaice ita ce, bincike ba hukunci ba ne. Doka ta fi son yaro ya zauna da iyayensa, kuma kuna da haƙƙoƙi tun daga ranar da aka fara yi muku sallama har a rufe maganar. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa.

Mu fara da misali

A ɗauka wata uwa ce da take sayar da shayi a bakin Kasuwar Umdurman, maigidanta kuma yana gasa agashe a can kusa. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aka wawashe shaguna, wuta ta ci sassan kasuwar, iyalin suka watse. Yau tana sansani da yara huɗu, ba ta da labarin maigida. Babban ɗanta mai shekara 11 ya daina zuwa makaranta, yana tura baro a kasuwar garin don a samu na cefane. Wata rana ya dawo da rauni a ƙafa, ma'aikacin asibitin sansani ya ɗaure masa, ya kuma sanar da masu kula da walwalar yara. Washegari wata ma'aikaciya ta zo da takarda da biro.

Hankalin uwar ya tashi. Wata maƙwabciya ta ce mata ta tura yaron wani gari tun da dare kafin a ɗauke shi. Ku riƙe wannan misali a zuciya, za mu dawo kansa a ƙarshe.

Su wane ne ke zuwa, kuma me ya kawo su?

Bincike yakan fara ne idan malamin makaranta, ma'aikacin lafiya, maƙwabci ko shi kansa yaron ya kai rahoto cewa yana cikin haɗari. Dalilan da aka fi kawowa su ne duka mai barin rauni, aiki mai nauyi, kwana a titi, yunƙurin aurar da ƙaramar yarinya, ko wani babba yana lalata da yaro.

Masu zuwa iri biyu ne, kuma ikonsu ba ɗaya ba ne.

Na farko su ne ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke cikin sansani. Aikinsu su saurara, su auna halin da yaro yake ciki, su haɗa iyali da taimako. Ba su da ikon yanke hukuncin raba yaro da iyayensa. Idan suka ga rayuwar yaro tana cikin haɗari, hukuma suke sanarwa.

Na biyu su ne hukumomin gwamnati. A Sudan akwai Sashen Kare Iyali da Yara na 'yan sanda, wanda ake kira da Larabci Wahdat Himayatil Usra waɗ-Ɗifil. An fara buɗe shi a Hartum a 2007, daga baya ya bazu zuwa jihohi. A cikinsa 'yan sanda suna aiki tare da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Sama da su akwai ofishin mai gabatar da ƙara na yara, wato niyaba, sannan kotun yara. Akwai kuma Majalisar Kula da Yara ta Ƙasa da rassanta na jihohi.

Dokokin da kuka dogara da su

Sudan ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya hana a raba yaro da iyayensa ba da sonsu ba, sai idan hukuma mai iko ta bi doka ta ga cewa rabuwar ce maslahar yaron, kuma dole hukuncin ya zama wanda kotu za ta iya sake dubawa. Sashen ya kuma ce a bai wa duk wanda abin ya shafa damar faɗin ra'ayinsa. Sashe na 18 ya ce iyaye ne ke da alhakin farko na renon ɗansu, gwamnati kuma ta taimaka musu.

A cikin gida akwai Dokar Yara ta 2010, wadda ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. Ita ce ta tsara aikin sashen 'yan sanda da niyaba da kotun da muka ambata.

Akwai kuma ƙa'idojin riƙon yaran da ba sa hannun iyayensu, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa a 2009. Sun ce talauci shi kaɗai ba hujja ba ce ta ɗauke yaro daga iyayensa, alama ce cewa iyalin na buƙatar tallafi. Ku riƙe wannan da kyau, domin gudun hijira ya talauta kusan kowa.

Waɗanda suka ƙetara zuwa Cadi, Masar, Habasha ko Sudan ta Kudu, dokar ƙasar da kuke ciki ce ke aiki a kanku. Amma duk waɗannan ƙasashe sun amince da yarjejeniyar, don haka tushen haƙƙinku bai canza ba.

Haƙƙoƙinku guda bakwai

1. Ku san wanda ya zo. Ku nemi ya nuna katin aikinsa, ku riƙe sunansa da na ofishinsa. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Kada ku miƙa yaro ga wanda ba ku tabbatar da shi ba, ko da ya ce makaranta ko magani zai kai shi.

2. Ku san dalilin zuwansa. Kuna da damar a gaya muku abin da ake zargi da kalmomi masu sauƙi. Ba lalle a faɗa muku wanda ya kai rahoto ba, domin ana kare shi, kuma neman sa da faɗa ƙara dagula maganar zai yi.

3. A yi muku magana da harshen da kuke ji. Da yawanmu muna jin Larabcin kasuwa sarai, amma Larabcin takarda da na kotu daban ne. Ku nemi tafinta babba mai jin Hausa. Kada a sa ɗanku ya yi tafinta a maganar da ta shafe shi. Mace tana iya neman mace ce ta zauna da ita.

4. A saurare ku. Ku faɗi yadda abin ya faru da bakinku, ku kawo shaidu: limami, mai unguwa, malamin yaron, ko maƙwabcin da ya san ku tun Umdurman. Kuna iya zama da wani amintacce lokacin tattaunawa.

5. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a kan abin da ba ku fahimta ba. A karanta muku, a fassara, ku tambaya, sannan ku nemi kwafi ko ku ɗauki hotonsa da waya. Matambayi ba ya ɓata.

6. A riƙe sirrinku. Maganar gidanku ba ta dandali ba ce, kuma ba a yaɗa ta a wurin rabon abinci. Iyakarta ɗaya ce: idan yaro yana cikin haɗari mai tsanani, ma'aikaci zai sanar da hukuma, kuma ya kamata ya gaya muku wannan tun farko.

7. Ku ƙi yarda da hukunci ta hanyar doka. Kuna iya neman lauya, ku ɗaukaka ƙara, ko ku kai ƙorafi a kan ma'aikacin da ya wulaƙanta ku. Duk aikin kare yara na ƙungiyoyin agaji kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi, ko ya nemi mace ko yarinya da lalata don ya rufe magana, laifi ya aikata, ku kai rahotonsa.

Idan an kama yaro a kasuwa ko a titi

Iyalan da suka zauna kusa da Kasuwar Umdurman sun san yadda yara ke sayar da ruwa da leda, suna goge takalma, suna dako. Dokar Yara ta 2010 ba ta ɗauki yawon titi a matsayin laifin da ake hukunta yaro a kansa ba. Ta kuma ce yaron da bai kai shekara 12 ba ba a ɗora masa alhakin laifi. Idan za a yi wa yaro tambayoyi, a yi a gaban waliyyinsa, ko wakilinsa, ko lauya, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, kuma ba a tsare shi tare da manya.

Don haka idan kuka ji an kama ɗanku, ku tafi da kanku ba tare da ɓata lokaci ba. Ku tafi da duk abin da ke nuna naku ne da kuma shekarunsa: takardar haihuwa, katin rigakafi, katin rajistar sansani, ko hoton iyali. Idan takardunku sun ƙone ko sun ɓace a hanya, ku tafi da mutum biyu da suka san ku, ku kuma sanar da teburin kare yara.

Inda haƙƙin iyaye ya tsaya

Haƙƙinku yana tafiya ne tare da na yaron. Shi ma yana da damar a ji ta bakinsa, kamar yadda sashe na 12 na yarjejeniyar ya tanada. Idan wani na gida ake zargi, za a iya ganawa da yaron ba a gaban wannan mutum ba, kuma hakan bai saɓa doka ba. Kada ku koya wa yaro abin da zai faɗa, kada ku tsorata shi.

Dokar Yara ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 aiki, in ban da kiwo da noma marasa haɗari. Tun 2020 kuma kaciyar mata ta zama laifi a Sudan, hukuncinta yana kai ɗaurin shekara uku. Cewa al'ada ce ba ta kare mutum a gaban alƙali.

Idan har an raba ku

Rabuwa ita ce mataki na ƙarshe, kuma ana so ta zama ta ɗan lokaci. Ku nemi a gaya muku inda yaron yake, wane ne ya yanke hukuncin, yaushe za a sake duba shi, da abin da ake so ku gyara don ya dawo. Kuna da haƙƙin ganinsa da yin magana da shi a kai a kai, sai idan an tabbatar hakan zai cutar da shi. Ku kawo sunayen dangi amintattu, kamar kaka, goggo, inna ko kawu, domin riƙon dangi ake fara dubawa kafin gidan marayu.

Akwai dalilin haka. A makonnin farko na yaƙi, yara fiye da 50 sun rasu a gidan marayu na Maigoma da ke Hartum, sakamakon ƙarancin masu reno da abinci da magani. A watan Yunin 2023 ƙungiyar Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa Madani, da faɗa ya isa Madani a Disamban wannan shekara aka sake kwashe su. Don haka duk tsananin yunwa, kada ku miƙa ɗanku ga wata cibiya ko wani baƙo da tunanin zai fi samun abinci a can. Ku zo mu nemi mafita tare.

Mu koma ga misalinmu

Da uwar nan ta bi shawarar maƙwabciya, da ta jefa ɗanta a hanya mai shingaye da masu bindiga shi kaɗai, kuma da ma'aikata sun ɗauka akwai abin da take ɓoyewa. Abin da ya fi mata shi ne ta karɓi baƙuwar, ta duba katinta, ta nemi tafinta, ta faɗi gaskiya: rauni a kasuwa ya samu, aikin kuma rashi ne ya jawo shi. Daga nan sai a rubuta tsarin taimako tare da ita: yaron ya bar baro ya koma makaranta, a duba tallafin da za a iya haɗa ta da shi, a kuma kai sunan maigidanta ga masu neman dangin da suka ɓace na Red Cross da Hilal Ahmar. Ta nemi a karanta mata tsarin kafin ta dangwala yatsa, ta riƙe ranar da ma'aikaciyar za ta dawo. A irin wannan hali, ba abin da zai sa a raba ta da ɗanta.

Tambayoyin bita don zaman ƙungiya

1. Mene ne bambancin ikon ma'aikacin ƙungiyar agaji da na kotu?
2. Me za ku yi idan aka ba ku takardar da ba ku iya karantawa ba?
3. Wane ɗan'uwa za ku ambata idan ana buƙatar mai riƙon ɗanku na ɗan lokaci? Kun taɓa yin maganar da shi?
4. Waɗanne takardun yaranku kuke da su yanzu, waɗanne ne suka ɓace?

Duk mai tambaya ko ƙorafi ya zo teburin kare yara na sansani, ko ya yi magana da wakilan al'umma, ko ya saka takarda a akwatin ƙorafi. Zuwanku ba zai taɓa katin abincinku ko rajistarku ba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.