Zuwa ga Matashin da Shakka ta Hana Barci

Ya ku 'ya'yana da ƙannena na Katsinar Dikko.

Akwai tambayar da wasunku ke dakonta a ƙirji, ba su iya furta ta ko a gaban amini: shin mutum ne ke zaɓar imani, ko imanin ne ke zuwa ya kuma yi rauni ba da shawararsa ba? Ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam zai idar da isha'i, ya kishingiɗa da waya a hannu, ya ci karo da wata muhawara a YouTube, shi ke nan ido biyu har kiran assalatu. Da safe yana alwala yana tsoron kansa.

Ɗana, ba kai ka kira shakkar nan ba, kuma ba kanka farau ba. Imam Gazali, wanda malamanmu na zaure ke karanta littattafansa, ya faɗa da alƙalaminsa cewa ya yi kusan wata biyu cikin kokwanto, hujjojin da ya haddace suka kasa yi masa magani, sai da Allah ya haskaka zuciyarsa. A 1095 ya bar kujerar koyarwa a Bagadaza, da duk martabarta, ya tafi neman yaƙini. Su ma sahabbai sun kai wa Manzon Allah (SAW) kukan tunanin da suke jin nauyin furtawa. Bai kore su ba, ya nuna musu cewa ƙyamar da suke yi wa tunanin ita kanta shaidar imani ce.

To ina zaɓinka yake? Yana cikin abin da ka yi bayan tambayar ta zo. Kai ke zaɓar wanda za ka kai wa ita. Kai ke zaɓar ka yi karatu mai zurfi ko ka tsaya ga guntun bidiyo. Garin nan da ya haifi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ya kuma fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, bai gina sunansa da tsoron tambaya ba. Nemi malami mai sanyin hali, wanda zai saurare ka har ka dire, ba wanda zai daka maka tsawa ba. Kada kuma ka mai da ruɗaninka izgili ga abin da iyayenka ke girmamawa.

Sauran maganata da ku ce, abokan wannan matashi, kuma ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Idan ɗan'uwanku ya buɗe muku cikinsa, amana ya ba ku. Kada ku ɗauki hoton saƙonsa ku watsa a Facebook, kada ku yi gaggawar jifansa da kalmar ridda. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sha rubutu yana yaƙar ɗaliban da ke kafirta talakawa don kawai ba su iya kawo hujjojin tauhidi ba. Zuciyar da aka tsorata shiru take koyo, ba natsuwa ba, sai yaron ya riƙa bin sahu yana ɓoye ciwonsa. Ku zauna da shi a majalisa kamar kullum, ku ci abinci kwano ɗaya, in ya yarda ku raka shi wurin malamin.

Allah ya ba mu yaƙini, ya tsare ku.

Wassalam,
Baffanku