Bakteriya Biyu 'Yan Dangi Ɗaya: Ɗaya Na Da Makunnai, Ɗaya Ta Zubar Da Nata

Duk mai riƙe da waya ya san cewa manhajar da ke ajiye daban take da wadda ke aiki. Waya na iya ɗauke da manhajoji ɗari, amma waɗanda aka buɗe ne ke shan caji. Haka abin yake a jikin bakteriya. Sinadarin DNA shi ne ma'ajiya, ƙwayoyin gado su ne manhajojin, sannan akwai makunnai da ke tantance wadda za a kunna da lokacin kunna ta. Darasin yau zai kwatanta bakteriya biyu masu kusancin dangi, wato E. coli da Buchnera.

E. coli 'yar yawo ce. Yau tana hanjin mutum, gobe tana kwata ko cikin ƙasa, abinci da yanayi kullum cikin sauyawa. Tana da ƙwayoyin gado sama da 4,000 a cikin haruffan DNA kusan miliyan 4.6, kuma ba ta kunna su duka lokaci guda. Misali, ƙwayoyin da ke narka sukarin madara a kashe suke har sai sukarin ya samu. François Jacob da Jacques Monod na Faransa ne suka bayyana wannan tsari a 1961. Mai rubuta manhaja zai gane shi nan take: idan kaza ya faru, yi kaza.

Ita kuwa Buchnera ba ta zuwa ko'ina. Tana zaune ne a jikin ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ruwan tsiro, irin waɗanda ke maƙalewa a ganyen wake da gyaɗa, kuma uwar ƙwaro ce ke gadar da ita ga 'ya'yanta tun shekaru sama da miliyan 100. Aikinta shi ne haɗa wa ƙwaron sinadaran gina jiki da ruwan tsiro ba ya wadatar da shi. Da masana a Japan suka karance DNA ɗinta a 2000, sun samu haruffa kusan 640,000 kacal, ƙwayoyin gado kimanin 600. Cikin abin da ya ɓace har da yawancin makunnan. Wanda ɗakinsa ba ya sauya yanayi, me zai yi da tarin saiti?

A dubi sinadarin tiriftofan. E. coli na daina haɗa shi da zarar ya wadata. Buchnera ta rasa makunnin kashewar, wasu nau'o'inta ma sun ninka kwafin ƙwayoyin gadon da ke soma haɗa shi, domin buƙatar mai gida ba ta yankewa.

Sai dai wannan sauƙi yana da tsada, kuma a nan labarin ya fi daɗi. Ɗan makunnin da ya rage wa Buchnera ya haɗa da na kariyar zafi, mai kunna ƙwayar gado da ake kira ibpA. A 2007, Nancy Moran da abokan aikinta a Jami'ar Arizona ta Amurka sun gano cewa a wasu ƙwarin, harafi ɗaya tak ya faɗi daga wannan makunni, ya daina aiki. Kamar a manta waƙafi ɗaya a rubutun manhaja. Ƙwarin da zafi ya buga suna ƙanana sun rasa mafi yawan bakteriyarsu, haihuwa ta kusa gagararsu. Abin mamaki, a yanayin sanyi masu wannan “kuskure” sun fi sauran hayayyafa, shi ya sa bai ɓace daga cikinsu ba.